Ɓerayen da Ba a Ba Guba Ba

Da Dakta Bake ta ɗaga murfin kejin, sai ta tarar da farin ɓera a kwance yana karkarwa, yawu na dalala daga bakinsa. Mutuwar ɓera ba baƙon abu ba ne a wurinta. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne, wannan layin na ɓerayen da ba a taɓa ɗiga wa maganin feshi ba ne.

Aikinta ke nan a ɗakin gwaje-gwajensu na Parakou: ta ba wasu ɓeraye maganin ƙwarin auduga, ta bar wasu lafiya lau, sannan ta gwada hanta da fitsarin kowane ɓangare. Maganin nan shi ya ci mahaifinta a gonarsa ta Banikoara. Ta gano cewa hanta ba ta iya narkar da shi, ƙoda ba ta iya fitar da shi duka, sai dai ya taru a jiki. In ta kai hujja gaban kwamitin gwamnati kafin damina, ana iya hana sayar da shi. Amma in masu lafiyar ma suna mutuwa, wace hujja ta rage?

Ta auna fitsarinsu. Ga guba nan, ba kaɗan ba.

Ta kira tsohon da ke kula da kejin. "Baba Tamu, faɗa min gaskiya, ka haɗa musu kwanon ruwa da waɗanda ake ba maganin ko?"

"Haba Dakta, da furfurata? Tun kina goye nake kwashe kashin ɓera."

"To aljani ne ya ba su?"

"In shi ne, ya fi ni samun makulli."

Ranta ya ɓaci, ta sa aka dakatar da shi a ranar. Bawan Allah ya ɗauki hularsa ya fita.

Ta karɓi aikin da hannunta. Ta ƙone shimfiɗar kejin, ta canza kwanuka, ta koma ba su ruwan gora, ta sa sabon kwaɗo a ƙofa. Abinci kam bai ma zo mata a rai ba. Tun da na kamfani ya yanke ita ke kawowa, masara ce tas, ko ƙwaro ɗaya babu, kuma ta san asalinta.

Ana cikin haka makarantar 'yarta Nyon ta bugo waya, wai yarinyar ba lafiya: ga amai, ga ciwon kai, fensir ma faɗuwa yake daga hannunta. Zazzaɓin sauro ne, in ji Bake, a ba ta magani, tana nan tafe. Ba ta tafi ba, don wani ɓeran ya fara shure-shure.

Ran Asabar ta rufe ɗakin ta koma gida jiki a mace. Aiki ya rushe, wallahi har kuka ta yi a mota.

A tsakar gida ta iske mahaifiyarta ta iso daga ƙauye da sabon buhun masara, ta ɗora Nyon a cinya tana fifita mata koko.

"Ke Bake, dubi yadda kika bar min yarinya ta zama tsinke! Kuma buhun da na aiko har ya kusa ƙarewa. Ku biyu rak, ko ƙarti kike ciyarwa a ɓoye?"

"Ɓerayena nake ɗibar wa, Inna."

Tsohuwa ta tafa hannu. "Ɓeraye! Oh ni, boko bai yi ba. Masarar da na zauna na yayyafe da maganin auduga da hannuna, don kada ƙwaro ya ɓata wa jikata abin kokonta?" Ta cika cokali. "Buɗe baki, Nyon."