Kakin da Aka Kai Katsina

"Gwaggo Rekiya, sakamako ya dawo daga Katsina," in ji malamin asibiti. "An duba kakin Ya'u. Tarin fuka ne. Ki turo shi Dutsin-Ma a fara masa allura."

Ɗanta Ya'u ya warke tuni, yana Birchi yana girbin gero.

Ta shafa jikar da ke goye a bayanta, wadda aka kawo mata yaye. Kullum ita ke tauna mata gyaɗa, ta sa mata a baki.

Ranar da aka bayar da kwalbar gwajin, ta ji tsoron a tsare Ya'u a asibiti ga gero ya nuna. Sai ta tofa nata kakin a ciki.

A bayanta, yarinyar ta yi tari.