Ragon Sunan Tasalla

Tun da gidajen yari suka cika, gwamnati ta koma sa fursunoni barci da allura. Ba ci, ba sha, ba tsufa.

Yau Tasalla ta je karɓo mahaifinta, Sallau, wanda aka kwantar yana jiran shari'a tun tana jaririya. Ganduroba ya ce alƙali bai taɓa kiran shari'ar ba.

Sallau ya farka yana saurayinsa, ya kira ta da sunan marigayiya mahaifiyarta.

"Hansatu, ke da kike jego kika fito? Jibi suna fa, ban sayi rago ba."

Tasalla ta durƙusa, ta gyara goyon da ke bayanta.

"An yi suna, Baba," ta ce. "Ba a yanka komai ba."