Tsiron Cikin Gwangwani

Da na dawo daga makaranta ran nan, abin da na fara gani shi ne gwangwanina a hannun Baba. A cikinsa nake renon wani ɗan tsiro mai kaurin ganye. Ƙawata guda ɗaya a duk Unguwar Rimi ce ta bar mini shi, ranar da suka tashi zuwa Abuja. Bazara ce, ga zafi, don haka duk alwalar da na yi sai in juye masa ragowar ruwan buta, sau biyar kullum.

Baba ya matsa ganye ɗaya, ya fashe, wani ruwa mai wari ya fito.

Ya ce, "Uwata, ruwa ne ya kashe shi. Wannan ba kamar furen wardina ba ne. Irinki ne, ba ya bukatar a kula da shi."

Yanzu na san yabona yake yi, amma har yau maganar tana sosa mini rai.

Ya juya zai koma wajen furanninsa, sai na kama gefen rigarsa.

"Baba, gobe in za ka ba su ruwa, ka kira ni in riƙe maka bokiti."