Muryar Inna

Tasi'u, ɗan janye hannunka daga kwamfutar nan tukuna. Na ga ka bar gurbin da ke ɗauke da sunan folda tsirara a cikin umarninka, ba ka killace shi da alamar zance ba, kuma da na yi magana ka ce ai aiki yana tafiya. Yana tafiya kam. Zauna in ba ka misali, ko shayin naka ya samu ya huce.

Wani mai rubuta manhaja ne aiki ya kai shi Legas, mahaifiyarsa tana can ƙauyensu ta tsufa. Kewarta ta ishe shi, sai ya roƙi ƙanwarsa ta riƙa ɗaukar muryar tsohuwar a waya: waƙoƙin da take yi in tana kaɗin auduga, labarin auren kakanni, har faɗan da take yi da awaki. Shi kuma ya tsara jerin umarni masu gudana da kansu. Da zarar ƙanwar ta tura folda, na'ura za ta kwafe ta zuwa ma'aji, ta share wurin da aka sauke ta, sannan ta aiko da koriyar alama cewa an gama. Ya gwada da folda mai suna "gwaji", komai ya tafi sumul. Wata abokiyar aikinsa ta leƙa, ta ce ya sa alamar zance gaba da bayan gurbin sunan, don na'ura ta ɗauki sunan a dunƙule ko da kalma nawa ne. Ya yi dariya, ya ce ba shi da lokacin kwalliya. To, ita ƙanwar ba ta san wannan zance ba. Ta sa wa foldarta suna yadda kowane mai hankali zai sa, "Muryar Inna", kalma biyu da fili a tsakani. Na'ura kuwa ba ta san uwa ba. Ta raba sunan biyu, ta nemi Muryar ta rasa, ta nemi Inna ta rasa, ba ta kwafi komai ba. Da yake bai gaya mata ta tsaya in wani mataki ya gaza ba, sai ta wuce gaba, ta share wurin tas, ta aiko da korenta. Ƙanwar na ganin kore sai ta goge nata, don wayarta ba ta da wuri.

Haka aka yi ta yi wajen shekara biyu, kullum da wannan sunan, bai taɓa buɗe ma'ajin ba. Kullum cewa yake sai ya samu hutu ya natsu, ya saurara daga farko har ƙarshe. Akwai murya guda ɗaya da ya fi ɗokin ji. Shi ɗan fari ne, tun da aka haife shi uwar ba ta taɓa kama sunansa ba saboda alkunya. Rannan ƙanwar ta kira shi tana dariya, ta ce Inna ta manta ana ɗauka, tana cikin yi masa addu'a ta ambaci sunansa ƙarara. Ya ce a bar masa wannan, ita zai ji a ƙarshe. Da damina ta kama, tsohuwar ta kwanta ciwon kwana uku, Allah ya karɓi abinsa. Bayan sadakar bakwai ya koma Legas, ya rufe ƙofa, ya sa abin ji a kunne, ya buɗe ma'aji. Wayam. Gyaran bai ɗauke shi minti ɗaya ba, 'yan alamu biyu ne kawai, kuma tun daga ranar, umarnin bai sake kuskure ba. Sai dai babu sauran abin da za a tura. Har yau yakan sa ƙanwar ta kwaikwaya masa yadda Inna ta faɗi sunan, ta yi iya yinta, ya ce a'a, sake dai. Wallahi duk sanda na tuna shi sai in ji kewar tawa uwar ta taso mini.

Don haka killace gurbin nan, Tasi'u, ka gwada shi da suna mai fili a tsakani, sannan ka buɗe ma'ajin ka gani da idonka. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.