Hannun Daman Yeudi

Babu wanda ya san ƙwallon besbol, wasan jifa da bugu da sanda, a duk faɗin Jamhuriyar Dominika kamar Fulgencio Peguero. Shi da kansa ya tabbatar da haka, kuma a gaban shaidu.

Ɗan acaɓa ne a garinmu San Pedro. Bai taɓa buga wasan ba, saboda ciwon gwiwa, in ji shi. Amma kullum da la'asar yana ƙofar kantin Cheo, inda ake buga wasan domino a tebur ana jin besbol a rediyo, yana gyara wa masu ƙungiyoyi aikinsu. Manajan ƙungiyarmu jaki ne. Masu zaɓen sababbin 'yan wasa makafi ne. Wane bai cancanci dala miliyan goma ba, wane kuma an cuce shi. Mutanen kanti suna kiransa Manaja, shi kuma bai taɓa gane tsokana ba ce.

Abin da ya fi riƙewa shi ne lissafin shekaru. Ƙungiyoyin Amurka suna ɗaukar yaro yana ɗan sha shida, amma tun yana sha huɗu wakilansu suke fara zuba masa ido. Wanda ya kai sha bakwai ba a taya ba, ya tsufa. Na'urar auna gudun jifa kuwa ba ta jin magiya: mil casa'in a awa, ko a koma yankan rake.

Ɗansa Yeudi yana da shekara sha huɗu, jifansa yana kai tamanin da huɗu. Saura shida. Fulgencio ya cire shi daga makaranta, ya jingina tsohuwar katifa a bangon bayan gida, ya yanka masa jifa ɗari da hamsin kowace rana.

Cheo ya gaya masa cewa ko manyan masu jifa ƙirga musu ake yi, a ba su kwanaki su huta.

"Shi ya sa kake sayar da sabulu, ni kuma nake renon miloniya," in ji Fulgencio. "Hutu na wanda ya riga ya sa hannu a kwantiragi ne."

Nereida, mahaifiyar yaron, ba ta san komai a kan besbol ba. Mijinta yakan tuna mata da haka. Abin da ta sani kawai shi ne ɗanta ya koma shan kofi da hannun hagu, kuma ya daina taje kansa. Tana guga a falo tana jin ƙarar ƙwallo a jikin katifa, tana ƙirgawa ba tare da ta so ba. Duk lokacin da ƙarar ta jinkirta, sai ta tsayar da guga ta kasa kunne.

Wata rana ta iske shi ya tsoma gwiwar hannunsa a bokitin ƙanƙara.

"Mama, kada ki gaya masa," ya ce. "Saura wata ɗaya wakilai su zo gwaji."

Ta gaya masa. Fulgencio ya saurare ta da haƙuri irin na masana, sannan ya hau babur ya tafi shagon maganin dabbobi. Ya dawo da wata 'yar kwalbar allura wadda ake yi wa dawakan sukuwa. Ya ce duk yaran da suka yi suna da ita suka tashi.

"Fulgencio, ɗana ba doki ba ne."

"Doki ɗaya ya fi gidan nan tsada, Nereida. Riƙe masa hannu."

Allurar ta yi aiki. Ciwon ya yi shiru, jifa ya ƙaru, kumburin ma ya ƙaru. Yeudi ya ce wani lokaci ba ya jin yatsunsa biyu, kamar na wani ne aka ba shi aro. Mahaifinsa ya ce alamar ƙarfi ce.

Ranar gwaji yara sun kai arba'in a fili. Wakilin wata ƙungiyar Amurka yana zaune ƙarƙashin lema, na'ura a hannu. Yeudi ya yi jifan farko, tamanin da bakwai. Na biyu, tamanin da takwas. Na uku, tamanin da tara. Fulgencio ya riƙe wayar shinge yana waige ko mutanen kanti suna gani.

A jifa na huɗu aka ji ƙara kamar an karya rake. Ƙwallon ta faɗi a rabin hanya. Yeudi bai yi kuka ba. Ya tsaya yana kallon hannunsa da ke reto, sannan ya juya yana neman fuskar mahaifinsa, don ita ya fi tsoro.

Wakilin ya ja layi a littafinsa ya kira yaro na gaba.

Likita a babban birni ya ce jijiya ta tsinke, ƙashin da bai gama ƙwari ba kuma ya tsage. Da an kawo shi lokacin da ciwon ya fara, da hutun 'yan makonni ya wadatar. Yanzu hannun ba zai sake miƙewa sosai ba.

Fulgencio ya yi mako biyu bai je kanti ba. A na uku ya dawo, ya zauna, ya bayyana cewa manajan ƙungiyarmu yana kashe hannayen masu jifa da yawan aiki. Cheo ya ajiye domino a hankali.

A gida kuwa Yeudi yana zaune a tebur yana koyon rubuta sunansa da hannun hagu, don zai koma aji tare da ƙannen abokansa. Nereida ta gama ɓalla masa maɓallan riga, ta koma kan gugarta.

Mai karatu, idan yaro ya ce jikinsa yana ciwo, a kai shi wurin likita, kada a rufe wa ciwon baki. Sanin da ka tara a bakin kanti bai isa ka gwada shi a jikin ɗanka ba, domin in ka yi kuskure, shi zai rayu da shi.