Mai Baƙaƙen Kaya

Kyandirori sun fara ɗiga lokacin da Chizuru ta lura mai baƙaƙen kayan nan ya sake matsowa bayanta.

Bai ma kamata ta lura ba. Mu nan tun muna yara aka koya wa idonmu cewa kuroko babu shi. Ya rufe jiki da fuska da baƙin ƙyalle, ya hau dandali ya gyara kujera, ya miƙa takobi, kowa ya yi kamar iska ce ta gifta. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Macijin Chizuru sunansa Tetsuro, tsohon saurayinta, wanda aka kora daga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta jami'a ranar da ya shaƙe ta a bayan labule. Makon jiya ya tare ta a tashar jirgin ƙasa yana murmushi.

"An ce ke ce matar da ake kashewa a ƙarshe. Zan zo kallo, 'yan mata. Kusa-kusa."

Ta kira babanta a Osaka, ta gaya masa abin da Tetsuro ya ce. Mutum ne da ya ƙare ƙarfinsa yana aiki a gidajen wasa, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa ganinsa a dandali ba, kuma har yau bai huce ba da ta zaɓi wasannin Turawa.

"Uhm," ya ce. "Yaushe ne wasan?" Ta faɗa masa. "To. Ki riƙa cin abinci."

Ya ajiye waya. Ta yi kuka, rabi tsoro rabi haushi.

Shi kuwa malaminsu, Farfesa Kuwabara, taurin kansa ya fi na jaki. Ya rantse sai ya gwada yadda 'yan wasan London suke yi shekaru ɗari huɗu da suka wuce: ba lantarki sai kyandir, ba gwaji tare, ba wanda zai ga wasan gaba ɗayansa. Kowa a ba shi nasa baitocin kawai, da kalmomin ƙarshe na wanda zai riga shi magana. Ka ji kalmarka, ka buɗe baki; ba ka ji ba, ka tsaya kamar turke. Ya tono wani tsohon wasan ramuwar gayya da ɗalibansa ba su taɓa karantawa ba, ya ari kuroko ɗaya daga al'adarmu don kula da wuta.

"Mamakin da ke fuskarku nake nazari," ya ce. "Ko rufi ne ya faɗo, kada wanda ya motsa sai ya ji kalmarsa."

Ga ta yanzu tana rera baitocin Ingilishi gaban jama'a, zufa na bin bayanta. Duk inda ta juya, baƙin nan na nan. Yana tafiya ba sauti, yana kashe lagwani da yatsu biyu kamar wanda ya tsufa a aikin. Da ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙas.

Ta raɗa wa Nozomi, ƙawarta mai fitowa a baiwarta: "Waye a bayana?"

"Ke dai kin cika tsoro. Ba kowa a bayanki, kuroko ne."

Ba kowa. Abin da Tetsuro zai so a ce ke nan.

Aka zo fagen kisa. Mai shaƙewa ya shigo, fuskarsa a rufe da abin rufe fuska na fata, igiyar siliki a hannu. Shunpei ne aka sa ya fito a mai shaƙewar, ɗan siririn yaro mai ba da haƙuri ko ƙofa ya buge. Yau ya fi tsawo da faɗin kafaɗa, amma Chizuru ko kallonsa ba ta yi ba. Idonta na kan baƙin da ya tsuguna dab da ita, riƙe da sandar ƙarfe ta kashe kyandir.

Igiya ta zagaye wuyanta. Ta ja numfashi za ta faɗi baitinta na ƙarshe, igiyar ta ɗaure tamau.

"Na ce miki kusa-kusa," aka raɗa mata a kunne.

Ta yi ƙoƙarin ihu, babu hanya. Ta yakushi igiyar, duga-duganta na dukan katako. Nozomi na tsaye, ido waje, tana jiran kalmar da za ta ba ta izinin kururuwa, kalmar kuwa na maƙale a wuyan Chizuru. 'Yan kallo sun yi tsit don daɗi. Farfesa na gyaɗa kai a layin gaba. Wutar kyandir ta fara dushewa a idonta.

Abin da jama'a suka ce sun gani shi ne mai shaƙewa ya saki igiya haka kawai, hannunsa ya karye, ya kife. Har wasu suka fara tafi.

Sai da Chizuru ta yi tari mai jini Nozomi ta ƙwalla ƙarar da ba ta cikin takarda. Aka kunna lantarki, aka yaye fatar, ga Tetsuro yana nishi. Shunpei aka tarar a kulle a ɗakin sutura. Ɗalibin da aka sa ya zama kuroko mai kula da kyandir kuwa yana zaune cikin 'yan kallo, wai wani ya ce an canza shi.

"To wancan waye?" Farfesa ya tambaya. Ba wanda ya sani. Wa zai tambayi wanda babu shi?

Mai baƙaƙen kaya ya ajiye sandar da ya maka wa Tetsuro. Ya durƙusa gaban Chizuru, gwiwarsa ta yi ƙas, ya ɗaga ƙyallen fuskarsa daidai yadda ita kaɗai za ta gani.

"Yau dai kin gan ni a dandali," in ji babanta. "Kin ci abinci kuwa?"