Zaurenmu a Ƙarƙashin Tiga

A bazarar nan ruwan Tiga ya ja baya, ya kwanta lumui kamar mai barci. Bayan la'asar Baba yana tuƙa kwalekwale, ina zaune a gaba, sai na ga yana ta kewaye-kewaye alhali babu komai a gabanmu sai ruwa.

Na ce, "Baba, mu miƙe mana."

Ya ce, "Ta tsakar gidan Malam Audu? Da iyalinsa a ciki?"

Ashe lungunan garinsu yake bi, garin da dam ya shanye tun ba a haife ni ba. Can ya tsaya, ya yi sallama a hankali. Ya zura gora har ta daki wani abu mai tauri.

"Dutsen niƙan kakarka ne. Saurara."

Na manna kunnena a jikin gorar. Wallahi na ji ana niƙa gero can ƙasa.

Yau idan na ga masu nutso a talabijin suna kutsawa cikin jiragen da suka nutse, suna kwaso kwanukan mutane, sai raina ya sosu. Ko sallama ba sa yi.